Riƙon Yaro a Ɗakin Kunne

Ku matso, 'yan matana, ku masu fararen riguna da anka turo koyon aiki. Ranar da na je karɓar maganin gwiwa, ina zaune bisa benci, na ji ɗayarku tana ce wa ƙawarta, "Riƙe yaro ma har aiki ne? Ai wannan ko mai shara ta iya." Ba da ni ake ba. Amma maganar ta biyo ni har gida Ƙofar Marke, ta zauna kusa da ni bisa tabarma, ta hana tuwo wucewa. Ta wani gefen gaskiya yarinyar ta faɗa, mai shara ta iya. Ni ce mai sharar. Sai dai shekara uku na yi kafin in iya, na kuma yi talatin ina ƙara koyo.

Sunana Kulu, a wurin aiki Inna Kulu. Ban taɓa zama aji ba, karatuna na allo ne, gwargwadon na salla. Asibitin da na yi aiki ba babba ba ne, yana cikin wani lungu in an sauka daga Sama Road, amma yana da ɗaki guda da ake duba kunne da hanci da maƙogwaro. Mu dai ɗakin kunne muke ce masa. Tsintsiya ce ta shigar da ni ɗakin.

Wata safiya ina goge ƙasa anka shigo da yaro ɗan shekara huɗu, ya tura dutsen ado cikin kunne. Uban ya danne ƙafafu, uwar ta kama hannuwa, kan kuwa an bar shi yana yawo kamar na ɗan akuya a kasuwa. Likita ya kawo ƙugiya, yaro ya fizge, ya shuri tasar kayan aiki ta tarwatse. Akwai nas a ɗakin, Sista Rifkatu, mutuniyar duwatsun Filato, gajeruwa, Kirista, Hausarta irin ta Jos, mai saurin baki da saurin hannu. Ta waiwayo ta dube ni.

"Ke mai tsintsiya, kina da yara?"

Na ce, "Biyar."

"Wa yake riƙe su in za a ba su magani mai ɗaci?"

Na ce, "Wa kuwa, in ba ni ba?"

Ta ce, "To wanke hannu ki zo."

Daga ranar ban koma tsintsiya ba sai in ɗaki ya yi shiru.

Ga yadda ta koya mani, ku riƙe. Kujera ta ƙarfe, marar taya. Ki zauna ki kafa dugaduganki. Yaro ya zauna bisa cinyarki a kaikaice, ƙafafunsa tsakanin cinyoyinki, ki harɗe naki ƙafafun. Ki naɗe shi da zane tun daga kafaɗa, hannuwa a ciki. Zanen ma ba sabo ba, tsoho na atamfa wanda ya sha wanki, don sabo yana santsi kuma warinsa baƙo ne. Hannu ɗaya ya zagaye shi, ɗayan ki shimfiɗa tafinsa bisa kansa, ki kwantar da lafiyayyen kunnen a ƙirjinki, mai ciwon ya kalli fitila. Kuma kada kayan aiki su shigo ta gabansa. Tsoron yaro ta ido yake shiga, in bai ga ƙarfe ba kin ci rabin faɗan.

Wannan duka kwana biyu ya isa a koye shi. Abin da ya ci mani shekara uku shi ne sauraro da tafin hannu. Yaro ba ya fizga haka kawai. Kafin ya fizga, naman wuyansa zai ɗan yi tauri, zai riƙe numfashi, yatsun ƙafarsa za su dunƙule a jikin ƙaurinki. Nan take za ki ce, "Tsaya." Likita ya janye ƙugiya, yaro ya yi fizgarsa a banza, ya huce, a koma. Wannan kalma guda ita ce aikina. In ta makara da ƙiftawar ido, ƙarfe ya huda abin da ba a ɗinkewa da zare. Sista kan ce, "Kulu, ba ƙarfi nake so ba. Mai ƙarfi na nan bakin ƙofa yana gadi. Fatar hannunki nake so." Kuma gaskiya ne, Allah ya sa wa tafin hannu da kan yatsu ji irin wanda babu shi a gadon baya. Ta taɓa sa ni rufe ido, ta ɗora mani tsinke biyu kusa da juna a kan yatsa, na ce biyu. Ta ɗora su haka a bayana, na rantse ɗaya ne.

A kan teburin likita akwai wani kunnen roba, girmansa ya kai ƙwarya, ana buɗe shi gida gida. Ni ke share masa ƙura, kuma tsoronsa nake ji. Ran nan Sista ta kama ni ina goge shi da gefen ido, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Zauna in zagaya da ke gidan da kike gadi."

Gida ne kuwa, mai ɗaki uku. Wannan da muke gani a waje, da muke huda wa 'yan kunne, bakin ƙofa ne kawai, aikinsa tattaro sauti kamar mazurari. Daga nan sai zaure, siriri, mai ɗan lanƙwasa, shi ya sa likita ke jan kunne kafin ya leƙa. Ƙarshen zauren akwai fata a miƙe, wadda mutane ke kira dodon kunne, mu muna ce mata ganga. Ba ta kai farcen ƙaramin yatsa faɗi ba, kuma ta fi ɓawon albasa laushi. In na ce "Kulu," iskar maganar ce ke tafiya ta bugi wannan ganga. Bayan gangar akwai ɗaki na biyu, babu komai cikinsa sai iska da ƙasusuwa uku a jere, suna miƙa wa juna bugun kamar mata masu miƙon kwano a gidan biki. Ƙaramin cikinsu bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma duk jikin ɗan Adam babu ƙashin da ya kai shi ƙanƙanta. Shi ke ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki na uku. Wannan ɗakin a murɗe yake kamar katantanwa, cike da ruwa, a binne cikin ƙashi. A cikin ruwan akwai wasu gasusuwa da ido ba ya gani, a tsaye kamar ciyawar bakin gulbi. Ruwa ya motsa, su kwanta, jijiya ta ɗauki labari ta kai ƙwaƙwalwa. Sai a lokacin ne mutum zai ce, "Na'am."

Na ce, "Sista, duk wannan kafin in amsa?"

Ta ce, "Duk wannan, kuma ba ki taɓa jira ba."

Na yi tasbihi. Ita ma ta ce nata irin na addininta. Sai ta ɗora yatsa bisa katantanwar ta ce, "Zaure ya toshe, mu buɗe. Ganga ta fashe, sau da yawa takan haɗe da kanta. Amma ciyawar nan in ta mutu, ba ta sake tsirowa. Ki tuna da wannan."

Kuskurena na farko a kan ruwa ne. Wani mahauci daga Ƙofar Dundaye, ƙato, wanda kujerarmu ta yi ƙara da ya zauna, ya zo kunnensa ya toshe da dauɗa. Za a wanke masa da babban sirinji na ƙarfe. Anka ce in kawo ruwa. Zafi ake yi, na ce bari in kyautata wa bawan Allah, na ɗebo masa mai sanyi daga randa. Sista tana magana da likita, ta zuƙa ba ta taɓa ba. Turawa ɗaya, idanun mutumin sunka fara rawa, ya kama teburi da hannu biyu, ya ce, "Wayyo, ku riƙe ɗakin! Ɗakin ga na tafiya!" Sai ga shi ƙasa, ni da tasa a ƙarƙashinsa. Da ya farfaɗo ya ce, "Ni da ke kayar da sa ni kaɗai, yau ruwan randa ya kayar da ni. Inna, don Allah kar maganar ga ta kai mahauta."

Sista ba ta yi mani faɗa a gabansa ba, ta ce laifin namu ne mu biyu. Bayan ya tafi ta buɗe kunnen roba, ta nuna mani wasu zobba uku a jikin katantanwa, kamar awarwaro. Su ma ruwa ne cikinsu, kuma su ke gaya wa mutum yana tsaye ne ko yana kwance, ya juya dama ko hagu. Ruwan sanyi ko mai zafi ya shiga zaure, ruwan zobban ya motsa alhali mutum na zaune, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ana juya shi. Ashe tsayuwar da muke yi a sahun salla ba mu faɗi ba, kunne na da hannu a ciki. Tun daga ranar ba a zuba ruwa a kunnen kowa sai na ɗiga shi a cikin wuyan hannuna. In na ji sanyi, bai yi ba. In na ji ɗumi, bai yi ba. Sai wanda ban ji komai ba, shi ne daidai da jiki.

Masu zuwa kuwa, babu irin da ban gani ba. Uwa ta kawo yarinya da ƙwayar wake a kunne, ta kwana biyu tana ɗura mata ruwa wai ya fito, waken ya sha ya kumbura ya cika zaure dam. Abu mai tsiro ba a kai masa ruwa. Kyankyaso kuwa sai an fara kashe shi da ɗigon mai, in ba haka ba yana jin hantsaki zai ƙara kutsawa, yana kartar ganga, babban mutum ya riƙa ihu kamar ana ƙona shi. Dattawa masu sosa kunne da gashin kaza da tsinken ashana, su ne abokan faɗan Sista. Takan ce, "Baba, kunne na share kansa, kai ne kake mayar masa da sharar ciki." Su ce, "Ke dai ba ki san daɗin abin ba, 'yar nan." Akwai kuma waɗanda da an taɓa zauren kunnensu sai tari ya kama su, don jijiyar wurin tana da dangi a maƙogwaro. Mai riƙo sai ta san da wannan, tari ma fizga ne.

Hancina ma ya yi aiki. Yaro in ya yago soson katifa ya cusa a hanci, ya kwana bakwai, tun daga bakin ƙofa nakan sani. Wari ne na daban, kuma ta ƙofar hanci ɗaya yake fita. Sai in ce, "Likita, soso ne, hagu." Ya leƙa ya ce, "Inna, mu dai da fitila, ke da hanci." Can saman hanci, in ji Sista, akwai ɗan wuri da bai fi kan yatsa ba, nan ake jin ƙamshi, kuma rabin daɗin miya daga nan yake. Harshe gishiri ya sani da zaƙi da tsami da ɗaci da ɗanɗanon romo. Ƙamshin daddawa da na man shanu aikin hanci ne. Shi ya sa mai mura ke zagin mai girki a banza.

Ina da wata ɗabi'a da ba Sista ta koya mani ba, daga goyo na taho da ita. In na naɗe yaro, sai in ɗora haɓata a tsakar kansa, in rufe baki, in riƙa rera waƙar raino a maƙogwaro, irin wadda kowace uwa a ƙasar nan ta sani. Babu kalma, sautin kawai. Yara na lafawa da ita. Likitoci sun saba har ba su ji.

Ana nan, ana nan, sai shekarar sanƙarau ta zo. An sha yin ciwon, amma na wannan bazarar ya fi wanda na taɓa gani. Zafi kamar an kife tukunya bisa gari. Anka kwashe ma'aikata zuwa wajen masu kwanciya, har da Sista da babban likitanmu. Ɗakin kunne ya rage daga ni sai wani sabon likita, Likita Murtala, saurayi mai hankali, wanda tun fitowarsa makaranta bai huta ba. Waɗanda ciwon ya ɗauka ya ɗauka. Waɗanda sunka tashi, bayan makonni sai a fara kawo mana wasunsu, an ce tun da sunka warke ba su ji.

Akwai wani ƙarfe mai ƙafa biyu kamar ƙaramar gwafa. Ana buga shi a gwiwa ya ɗauki kuka siriri. A kai shi bakin kunne, wannan hanyar zaure ke nan. Sannan a dasa gindinsa bisa ƙashin bayan kunne, sautin ya bi ta ƙashi ya tsallake zaure da ganga, ya faɗa katantanwa kai tsaye. Wanda ya ji ta ƙashi, ciyawarsa na da rai, toshewa ce kawai a hanya. Wanda bai ji ta ƙashi ba, sai haƙuri. A wannan bazarar yaro bayan yaro anka dasa wa gwafa, idonsu bai ko motsa ba. Ciwon ya shiga har ɗaki na uku ya ƙone ciyawar. Likita Murtala ya yi ta faɗa wa iyaye magana ɗaya har bakinsa ya gaji da ita. Ranar nan na ga ya buɗe aljihun tebur ya jefa gwafar ciki ya rufe. Ban ga laifinsa ba.

Ni ma na riƙe su duka, na rera masu. Suna jin rawar ƙirjina a jikinsu, sukan ɗan lafa. Amma in na yi shiru ko na ci gaba, duk ɗaya ne a wurinsu.

Wata Laraba da hantsi wata tsohuwa ta shigo da jikarta. Daga wani ƙauye suke can bayan gulbi, manoman shinkafa, sun baro gida tun asuba. Sunan tsohuwar Inno, yarinyar Hajo, shekararta kamar shida. Tsohuwar ta miƙa takardar ɗakin shan magani na ƙauyensu, likita ya karanta, an rubuta zazzaɓi mai tsanani, ana zaton sanƙarau.

Ta ce da ƙarfi, don ta saba ɗaga murya, "Likita, ɗiyar ga ba ta ji! Wata biyu ke nan. Malam ya ce a bar kai ta allo, yara na yi mata dariya. Magana ma ta fara barin ta."

Likita ya zagaya bayan yarinyar ya kira sunanta. Shiru. Ya kaɗa makullai. Shiru. Ya ɗauko tocilan kunne, tana ganinsa ta zama kyanwa, cizo da yakushi. Na kama ta na naɗe. Ya samu ya leƙa da ƙyar, dama da hagu, ya ce, "Dauɗa ce baƙa, ta taru. Amma kaka, ba ita ce matsalar ba. Ciwon nan in ya taɓa kunne, can ciki yake taɓawa. Ko mun sha wahalar cire wannan, mu wahalar da ita, ba abin da zai ƙaru." Ya zauna ya fara rubutu. A waje mutane sun cika benci har ƙasa.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To. Allah shi ya ba ta, shi ya karɓa. Sai mu koma, motar garinmu ba ta wuce azahar." Ta fara ɗaure bakin zanenta. Na san irin wannan tafiyar. Damina na bakin ƙofa, hanyarsu za ta yanke, za a shiga shuka. In yarinyar nan ta fita ƙofar nan da sunan kurma, da shi za ta tsufa.

Ni kuwa ban kwance ta ba tukuna, don ba ta gama hucewa ba. Haɓata na bisa kanta, ina rera abin da na saba. Ina cikin yi sai ƙishi ya kama maƙogwarona, na tsaya a tsakiyar waƙar in haɗiye yawu.

Sai yarinyar ta turo kanta sama ta bugi haɓata. Sannan, can ƙasa ƙasa, cikin zane, ta ƙarasa waƙar. Daidai inda na tsaya ta ɗauka, ta hau inda ake hawa, ta sauka inda ake sauka.

Na ɗaga haɓata daga kanta, na rera a iska kusa da kunnenta. Ba ta kula ba. Na mayar da haɓa na danna, na rera rabi, na tsaya. Ta ƙarasa.

Na ce, "Likita."

Bai ɗago ba. "Inna, kwance ta, a shigo da na gaba."

"Likita, ɗauko gwafa."

Ya ɗago ya dube ni da jajayen idanu. "Inna Kulu, yau kuma ke ce likitan?"

Na ce, "A'a, ɗana. Ni kujera ce. Amma kujerar ta ji abin da ba ka ji ba. Yarinyar ga tana ji ta ƙashi."

"Rawar jikinki take ji. Duk suna jin wannan."

"Duk na riƙe su, babu wanda ya taɓa ƙarasa mani waƙa. Matso ka saurara. In ƙarya ce, ka mayar da ni tsintsiya."

Allah ya yi wa likitan nan albarka, ya taso. Ya sunkuya, na rera rabi, na tsaya, Hajo ta ƙarasa. Ya jawo aljihun tebur har ya kusa zare shi, ya buga gwafa a gwiwa, ya kai bakin kunnenta. Shiru. Ya sake bugawa ya dasa a ƙashin bayan kunne. Idanun yarinyar sunka buɗe wage, ta juya tana neman inda kukan yake.

Ya ɗaura fitilar goshi ya ce, "Kaka, mota ta tafi abinta. Inna, riƙe mani ita kamar ba ki taɓa riƙe kowa ba."

Mun fara da dama. Ya ɗiga mai, munka jira, sannan ya shiga da ƙugiya. Abin ya yi tauri kamar busasshiyar fata, ya manne da bangon zaure. Sau tara na ce tsaya, sau tara ya janye. Ina rera waƙa, zufa na bin bayana, tafina na bisa kanta yana sauraro. Can sai wani baƙin dunƙule ya fito a bakin hantsaki, ya sa a tasa. Ya leƙa ya ce, "Akwai wani." Ya fito da na biyu. Ya leƙa. Na uku. Na huɗun yana kwance a jikin ganga, wari na tashi, nan ne na riƙe numfashina tare da nata. Da ya fito, likita ya tsaga ɗaya da ƙugiya, sai ga fari a ciki, zare zare.

Ya ce, "Wannan ai auduga ce."

Tsohuwar ta leƙo tasar, ta daɗe tana kallo, sai ta zauna a ƙasa.

Ta ce, "Ni na sa mata. Da hannuna. Da ciwon ya shigo gari anka ce iskar zafi ke kawo shi, ta kunne take shiga ta kai ga kai. Sai na tsoma auduga a man shanu da tafarnuwa na toshe mata. In gari ya waye na duba ban gan ta ba, sai in ce ta faɗi wurin barci, in sa wata. Kowace tsohuwa a garinmu haka ta yi wa nata."

Likita ya buɗe baki zai yi faɗa, na dube shi, ya rufe. Ya ce, "Kaka, ba faɗuwa take yi ba, ciki take shigewa. In kin koma ki bi gida gida, duk yaron da anka yi wa haka a kawo shi."

Tsohuwar kuwa ta rarrafo ta kama ƙafar yarinyar, ta ɗaga murya kamar yadda ta saba wata biyu, ta ce, "Hajo! Hajo, kina jina?"

Yarinyar ta zaro hannu daga zane, ta dafe kunnen dama, ta ɓata fuska. Muryarta ta fito a shaƙe, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Ta ce, "Inno, mi kike yi mani ihu? Ga ni nan kusa."

Sun kwana uku a gidana, ana ɗiga wa hagun mai kafin ya saki. Uku anka ciro a ciki, kuma gangar ta riga ta ruɓe ta huje, wannan kunnen bai dawo duka ba. Ba zan yi maku ƙarya in ce komai ya gyaru ba. Amma na dama ya dawo garau, ta koma allo. Kafin ruwa ya yanke hanya, Inno ta dawo da yara huɗu a bayan motar shinkafa. Uku auduga ce. Ɗaya ciwon ne na gaske, gwafa ba ta yi masa magana ba, munka ba uwarsa haƙuri.

Likita Murtala bai sake sa gwafa a aljihun tebur ba, a aljihun rigarsa take kwana. Yanzu babban likita ne, shi ke koyar da wasunku. Na ji an ce har yau in zai duba yaro yakan tambayi mai riƙo, "Me kika ji?" kuma kuna ɗauka barkwanci ne, kuna dariya.

Ba barkwanci ba ne. Gobe in anka miƙo maki yaro, ki ajiye wayar nan, ki nemi tsohon zane, ki kafa dugaduganki. Ki shimfiɗa tafinki bisa kansa, ki ɗora haɓarki, ki rera masa ko me uwarki ta rera maki. In kin kai tsakiya, ki tsaya. Ki yi shiru, ki jira.